Ethel Waters

Ethel Waters (an haife ta ranar 31 ga Oktoba, 1896, ta rasu ranar 1 ga Satumba, 1977) mawaƙiya ce kuma 'yar wasan kwaikwayo baƙar fata daga ƙasar Amurka. Ta yi tashe a lokacin da ake kira zamanin jazz, wato shekarun 1920 zuwa farkon shekarun 1930, sa'ad da kiɗan baƙaƙen fata ya mamaye gidajen rawa da faya-fayan garmaho na Amurka. Ta fara da waƙoƙin blues a ƙananan gidajen wasa na baƙaƙen fata, daga baya ta zama ɗaya daga cikin manyan taurarin Broadway, unguwar manyan gidajen wasan kwaikwayo ta birnin New York. Waƙoƙin da aka fi saninta da su sun haɗa da "Dinah" (1925), "Am I Blue?" (1929), "Stormy Weather" (1933) da "Supper Time" (1933).

Abin da ya bambanta ta da sauran mawaƙan blues na zamaninta shi ne yadda take fito da kowace kalma sarai, da kuma yadda take rera waƙa kamar mai taka rawa a wasan kwaikwayo. Wannan salo ne ya fitar da ita daga kasuwar faifai da aka keɓe wa baƙaƙen fata, ya kai ta ga masu sauraro na kowane launi, kuma shi ne daga baya ya mayar da ita 'yar wasa. Ita ce baƙar fata ta biyu da aka taɓa sa sunanta a takarar kyautar Oscar.

Farkon rayuwa

An haifi Waters a garin Chester da ke jihar Pennsylvania, kusa da birnin Filadelfiya. Ta daɗe tana cewa a 1900 aka haife ta, amma 1896 ce shekarar da aka tabbatar. Mahaifiyarta, Louise Anderson, yarinya ce ƙarama lokacin da ta haife ta, kuma bisa abin da Waters ta bayyana da kanta, fyaɗe aka yi wa uwar. Mahaifin nata, John Waters, makaɗin piyano ne, bai kuwa taka wata rawa a renonta ba. Kakarta ta wajen uwa, Sally Anderson, ita ce ta fi ɗaukar nauyinta, amma kakar aikatau take yi a gidajen fararen fata, ba kullum take kwana a gida ba. Saboda haka yarinyar ta tashi tana yawo tsakanin gidajen dangi a unguwannin matalauta na Chester da Filadelfiya, cikin yunwa da rashin mai tsawatawa. Karatunta bai yi nisa ba, ko da yake ta ɗan zauna a wata makarantar Katolika da ta riƙa tunawa da ita da alheri har tsufanta.

An yi mata aure tana da shekara 13. Mijin ya kasance mai duka, auren bai daɗe ba ta fita. Ta kama aikin share ɗakuna da wanke-wanke a wani otal a Filadelfiya, ana biyanta dala 4.75 a mako. A lokacin, babban burinta bai wuce ta zama 'yar aikin wata attajira mai yawon duniya ba.

Shiga harkar waƙa

A shekarar 1917 ta je wani biki a wani gidan rawa da ke Filadelfiya, aka matsa mata ta yi waƙa. Wasu masu shirya wasanni da suke wurin suka ji ta, suka ɗauke ta aiki a gidan wasa na Lincoln da ke Baltimore. Albashin bai taka kara ya karya ba, kuma daga baya ta gano cewa masu gidan nata suna cinye kuɗin da 'yan kallo suke jefo mata a dandamali. Da yake doguwa ce siririya, sai aka laƙaba mata suna "Sweet Mama Stringbean", ana kwatanta ta da dogon kwanson ɗanyen wake. Tana cikin matan farko da suka rera "St. Louis Blues" ta W. C. Handy a gaban jama'a.

Daga nan ta shiga yawon wasannin da ake kira vaudeville, wato wasan da ake haɗa waƙa da rawa da barkwanci a dare ɗaya, ana bin gari-gari. Akwai jerin gidajen wasa na fararen fata, akwai na baƙaƙen fata, kuma na baƙaƙen, musamman a jihohin Kudu, an san su da ƙarancin biya da wulaƙanci. A birnin Atlanta ta haɗu da Bessie Smith, wadda a lokacin ta riga ta yi suna a Kudu. Smith ta kafa sharaɗin cewa baƙuwar ba za ta rera blues ba muddin suna wasa a gida ɗaya. Waters ta yarda, ta koma rera waƙoƙin soyayya da na yayi. Wannan ƙaramin saɓani ya nuna hanyoyin da matan biyu za su bi: Smith ta tsaya kan blues mai nauyi har ƙarshen rayuwarta, Waters kuwa ta zama mai iya kowane irin waƙa.

Wajen 1919 ta isa Harlem, unguwar New York da baƙaƙen fata masu ƙaura daga Kudu suke ta cikawa a lokacin. Ta samu aiki a wani kulob na ƙarƙashin ƙasa mai suna Edmond's Cellar, wurin da 'yan caca da mata masu zaman kansu suke taruwa. A nan ne ta koyi yadda ake sa ɗaki mai hayaniya ya yi shiru ba tare da ɗaga murya ba.

Faya-fayan farko da kamfanin Black Swan

Kafin 1920 kamfanonin faifai na Amurka ba su cika ɗaukar muryar mata baƙaƙen fata ba, don suna ganin babu mai saye. A wannan shekarar Mamie Smith ta yi "Crazy Blues" a kamfanin Okeh, faifan ya yi kasuwa ƙwarai, sai kamfanoni suka bazama neman mawaƙan blues. Suka ƙirƙiro wani rukuni na musamman da suke kira faya-fayan jinsi, waɗanda ake talla a jaridun baƙaƙen fata, a sayar a shagunan unguwanninsu.

Waters ta fara ɗaukar waƙa a 1921 a wani ƙaramin kamfani mai suna Cardinal, inda ta yi waƙoƙi biyu, "The New York Glide" da "At the New Jump Steady Ball". A cikin shekarar ta koma Black Swan, kamfanin da Harry Pace ya kafa a Harlem. Pace tsohon abokin kasuwancin W. C. Handy ne, kuma kamfaninsa shi ne babban kamfanin faifai na farko mallakar baƙaƙen fata a Amurka. An samo sunan daga laƙabin Elizabeth Taylor Greenfield, wata mawaƙiya baƙar fata ta ƙarni na 19. Masani W. E. B. Du Bois yana cikin hukumar gudanarwarsa, Fletcher Henderson kuma, wanda ya karanci ilmin sinadarai kafin ya koma kiɗa, shi ne mai kula da ɗaukar waƙa da kaɗa piyano.

Burin Pace shi ne ya nuna wa duniya cewa baƙar fata ya iya kiɗan manya irin na Turai, don haka faya-fayansa na farko sun karkata ga waƙoƙin natsuwa da ba su samu masu saye sosai ba. Faifan Waters mai ɗauke da "Down Home Blues" a fuska ɗaya da "Oh Daddy" a ɗaya fuskar shi ne ya fara kawo wa kamfanin kuɗi na a zo a gani. Pace ya haɗa ta da Henderson da 'yan kiɗansa, aka sa musu suna Black Swan Troubadours, suka zaga jihohi da dama daga ƙarshen 1921 zuwa 1922, har cikin Kudu, suna tallata faya-fayan. Wani abin lura a nan shi ne, kamfanin da aka kafa don ɗaga darajar baƙar fata ta hanyar kiɗan masu ilmi, waƙar yarinyar da ta fito daga kulob ɗin ƙarƙashin ƙasa ce ta riƙe shi. Duk da haka bai jima ba. Manyan kamfanoni sun fi shi jari, rediyo kuma ya fara rage cinikin faifai. A 1924 kamfanin Paramount ya karɓi faya-fayan Black Swan, Waters ma ta yi masa aiki na ɗan lokaci.

Mai sauraron waɗannan faya-fayai a yau sai ya yi haƙuri da ƙarar su. A wancan lokaci ba a amfani da lantarki wajen ɗaukar sauti. Mawaƙi yakan tsaya a bakin wani babban mazurari, ƙarfin muryarsa ne yake girgiza allurar da take zana layi a kan faifan kaki. Wannan hanya ta fi dacewa da masu babbar murya. Murya mai laushi irin ta Waters takan rasa rabin kyanta kafin ta isa faifai.

Columbia da zuwan makirufo

A 1925 abubuwa biyu suka haɗu a rayuwarta. Ta sa hannu da kamfanin Columbia, kuma a wannan shekarar ce Columbia da Victor suka koma ɗaukar sauti da makirufo da lantarki. Sabuwar hanyar tana kama numfashi, da raɗa, da yadda harshe ke taɓa haƙori. Abin da Waters ta ƙware a kai ke nan. Tana iya rage murya ta koma kamar mai magana a tsakiyar baiti, ta ja wata kalma, ta jinkirta wata har sai kiɗa ya kusa wuce ta, sannan ta kamo shi. Faifan wancan zamani, mai faɗin inci 10 da ke juyawa sau 78 a minti ɗaya, bai ɗaukar fiye da kusan minti uku a kowace fuska, kuma a cikin wannan ɗan lokaci take gina mutum guda da halinsa: wata rana matar da miji ya gudu ya bari, wata rana mai habaici, wata rana mai wa'azi.

Columbia tana da jerin lambobi na musamman, 14000-D, da ta ware wa faya-fayan baƙaƙen fata, kuma a nan ake fitar da Bessie Smith. Waters kuwa an riƙa fitar da ita a ɓangarori biyu. Waƙoƙi masu gishiri da zaurance irin su "Shake That Thing" suna fita a jerin baƙaƙen fata, waƙoƙin yayi irin su "Dinah" kuma suna fita a babban jerin da kowa ke saye. Mawaƙa baƙaƙen fata kaɗan ne suka samu haka a shekarun 1920.

"Dinah", wadda Harry Akst ya tsara kiɗanta, ta fara rera ta ne a kulob ɗin Plantation da ke Broadway, inda ta maye gurbin Florence Mills a 1925. Daga nan waƙar ta zama ɗaya daga cikin waɗanda makaɗan jazz suka fi maimaitawa. An ruwaito cewa a wannan lokaci an yi mata tayin jagorantar wani wasa a birnin Faris, ta ƙi, sai aka tafi da wata matashiyar 'yar rawa da ke aiki a kulob ɗin, Josephine Baker, wadda ta zama tauraruwa a Faransa. A wannan shekarar Waters ta ɗauki "Sweet Georgia Brown", da kuma "Maybe Not at All", inda take kwaikwayon muryar Clara Smith da ta Bessie Smith ɗaya bayan ɗaya, kamar mai nuna cewa salon nasu ma tana iyawa, zaɓi ne ya sa ba ta bi shi ba.

Makaɗan da suka raka ta a waɗannan shekaru suna cikin gwanayen zamanin. Akwai Joe Smith mai busa ƙaramin ƙahon tagulla da ake kira konet, wanda sautinsa mai taushi ya dace da muryarta. Akwai Pearl Wright, matar da ta daɗe tana kaɗa mata piyano. A 1928 ta yi wasu waƙoƙi da James P. Johnson, ciki har da "My Handy Man" da "Guess Who's in Town", piyano kaɗai da murya, kuma masana jazz da yawa suna sa su cikin mafi kyawun aikinta.

Abokin aikinta Earl Dancer ne ya lallashe ta ta gwada gidajen vaudeville na fararen fata, abin da ta daɗe tana gudu don tana ganin ba za su fahimce ta ba. Ta samu karɓuwa, kuɗinta ya ninka. A 1927 ta fito a Broadway a wasan Africana, sannan Blackbirds a 1930 da Rhapsody in Black a 1931, dukkansu wasannin da 'yan wasan baƙaƙen fata ne zalla. A 1929 kamfanin Warner Bros. ya sa ta a fim ɗin On with the Show!, ɗaya daga cikin finafinan farko masu magana da aka ɗauka da launi. Ta rera waƙoƙi biyu a ciki, "Am I Blue?" da "Birmingham Bertha", ba tare da an ba ta wata rawa a cikin labarin ba. Faifan "Am I Blue?" ya zama ɗaya daga cikin mafiya kasuwa a rayuwarta.

Shekarar 1933

Karayar tattalin arzikin da ta fara a 1929 ta kusa kashe kasuwar faifai, kuma yawancin matan da suka yi suna da blues a shekarun 1920 sun ɓace daga ɗakunan ɗaukar waƙa. Waters ta tsira domin ba ta dogara da blues kaɗai ba. A ƙarshen 1932 ta ɗauki "I Can't Give You Anything but Love" tare da ƙungiyar Duke Ellington a kamfanin Brunswick, inda a zagaye na biyu take kwaikwayon salon Louis Armstrong.

A farkon 1933 aka gayyace ta Cotton Club, kulob mafi suna a Harlem. Wuri ne da masu nishaɗantarwa baƙaƙen fata ne, amma 'yan kallo fararen fata, kuma 'yan fasa-ƙwaurin giya ne suke riƙe da shi a zamanin da doka ta haramta sayar da giya a Amurka. Harold Arlen da Ted Koehler sun rubuta wata sabuwar waƙa, "Stormy Weather", wadda take kwatanta rabuwa da masoyi da hadarin da ya ƙi wucewa. Waters ta karɓe ta a lokacin da aurenta na biyu yake wargajewa, kuma daga baya ta ce baƙin cikin kanta ta zuba a ciki. Ta ɗauke ta a faifai a Brunswick a watan Mayu na 1933. A faifan ba ta kuka, ba ta kururuwa. Tana farawa a hankali kamar mai ba maƙwabciya labari, sai can wajen ƙarshe muryar ta buɗe. Mawaƙa da yawa sun maimaita waƙar, har Lena Horne ta shahara da ita a fim ɗin 1943 mai wannan suna, amma Waters ce ta fara rera ta a dandamali.

Irving Berlin ya ji ta a Cotton Club, ya ɗauke ta a sabon wasansa, As Thousands Cheer, wanda ya rubuta tare da Moss Hart. An buɗe shi ranar 30 ga Satumba, 1933, a gidan wasa na Music Box, aka yi shi sau 400. An tsara wasan kamar jarida: kowane sashe yana farawa da kanun labari, sannan waƙa ko barkwanci ya biyo. Waters ta rera "Heat Wave" a matsayin rahoton yanayi, da "Harlem on My Mind", wadda take zolayar tauraruwa baƙar fata da ta yi arziki a Faris amma kewar gida ta dame ta.

Waƙa ta uku daban take. Kanun labarin da ya gabace ta yana sanar da cewa gungun mutane sun kashe wani baƙar fata ba tare da shari'a ba, irin kisan gillar da ake yi a Kudancin Amurka a lokacin, sau da yawa ta hanyar rataya. Sai a ga Waters cikin tsofaffin tufafi tana shirya wa 'ya'yanta abincin dare, tana tunanin yadda za ta gaya musu ubansu ba zai dawo ba. Waƙar ita ce "Supper Time". Kalmominta ba su ambaci kisan ba ko sau ɗaya. Kanun labarin da fuskar mai waƙar ne suke faɗa. Sa irin wannan abu a tsakiyar wasan ban dariya da attajiran New York suka biya kuɗi don su huta, ba ƙaramar kasada ba ce a 1933, shekara shida kafin Billie Holiday ta ɗauki "Strange Fruit" a kan wannan batu. An ruwaito cewa lokacin gwajin wasan a Filadelfiya, manyan taurarin fararen fata sun ƙi fitowa tare da ita don gaisuwar ƙarshe, sai Berlin ya ce in haka ne babu wanda zai fito, suka janye. Wannan wasa ya sa ta cikin matan da suka fi samun kuɗi a Broadway.

A watan Nuwamba na shekarar an yi wani haɗuwar zamani da masu tarihin jazz suke yawan ambata. Ranar 24 ga wata Bessie Smith ta yi ɗaukar waƙarta ta ƙarshe. Bayan kwana uku, ranar 27, Waters ta ɗauki waƙoƙi tare da ƙungiyar Benny Goodman, kuma a wannan rana, da waɗannan makaɗa, wata yarinya 'yar shekara 18 mai suna Billie Holiday ta yi faifanta na farko.

Daga 1934 Waters ta yi aiki da kamfanin Decca, inda ta ɗauki "Miss Otis Regrets" ta Cole Porter, sannan da Bluebird a 1938 da 1939 tare da ƙungiyar Eddie Mallory, mai busa ƙaho da suke tare a lokacin. Bayan wannan faya-fayanta suka ragu, hankalinta ya koma dandamali.

Wasan kwaikwayo da fim

A watan Janairu na 1939 ta fito a Mamba's Daughters na DuBose da Dorothy Heyward, wasan kwaikwayo tsantsa, a matsayin Hagar, wata ƙaƙƙarfar mace marar ilmi da ta sadaukar da komai saboda 'yarta. Waters ta ce mahaifiyarta take gani a cikin wannan mata. Ana yawan ambata ta a matsayin baƙar fata ta farko da ta jagoranci wasa irin wannan a Broadway. Mai sharhin jaridar New York Times, Brooks Atkinson, bai yaba ba da farko. Wasu fitattun 'yan wasa da marubuta suka sayi fili a jaridar suka buga yabonta, ya koma ya sake kallo, ya sauya ra'ayi. A ranar 14 ga Yuni na wannan shekara tashar NBC, wadda take gwajin talabijin a lokacin, ta nuna The Ethel Waters Show, shiri na dare ɗaya da ake ɗauka shi ne na farko da baƙar fata ya jagoranta a talabijin ɗin Amurka.

A 1940 ta taka rawar Petunia, mace mai tsoron Allah da ke fafutukar ceto mijinta ɗan caca, a wasan waƙa na Cabin in the Sky, wanda Vernon Duke ya tsara kiɗansa. A nan ta fito da "Taking a Chance on Love". Kamfanin MGM ya mayar da shi fim a 1943, Vincente Minnelli ya ba da umarni, aka ƙara mata waƙar "Happiness Is a Thing Called Joe". Aikin fim ɗin bai tafi lafiya ba. Waters ta ga kamfanin yana fifita Lena Horne, wadda ta fi ta ƙuruciya, rigima ta ɓarke, kuma aka san ta a Hollywood da zafin rai. Mace ce mai wuyar sha'ani, abokan aikinta da yawa sun shaida haka, amma kuma gaskiya ne cewa tauraruwa farar fata mai irin wannan hali ba ta cika rasa aiki saboda shi ba. Ita ta rasa. Shekara shida ba ta samu wata babbar rawa a fim ba, jikinta ya yi nauyi, bashin haraji ya taru, ta koma waƙa a ƙananan kulob.

Ta dawo da fim ɗin Pinky a 1949, labarin wata budurwa mai hasken fata da ta yi zama a Arewa ana ɗaukarta farar fata, sannan ta koma Kudu wurin kakarta mai wankau. Waters ce kakar. John Ford ne ya fara ba da umarni, ba su jitu ba, Elia Kazan ya karɓa. Rawar ta sa aka sa ta a takarar Oscar ta mataimakiyar jaruma, bayan Hattie McDaniel da ta ci kyautar a 1940. Ba ta ci ba.

Ranar 5 ga Janairu, 1950, aka buɗe The Member of the Wedding na Carson McCullers, inda ta fito a matsayin Berenice, mai dafa abinci da ke renon yara biyu fararen fata, tare da Julie Harris da Brandon De Wilde. Da farko ta ƙi rawar don ta ce babu Allah a cikin matar yadda aka rubuta ta, sai da aka yarda ta sassauta halin, ta kuma sa waƙar coci "His Eye Is on the Sparrow", wadda take nufin Ubangiji yana lura har da ɗan tsuntsu. An yi wasan sau 501, aka mayar da shi fim a 1952. Sunan waƙar ta ba littafin tarihin rayuwarta na 1951, wanda ta rubuta tare da Charles Samuels, kuma ya yi kasuwa saboda yadda ta faɗi ƙuruciyarta ba ɓoye-ɓoye.

Waɗannan rawar sun jawo mata yabo da suka a lokaci guda. Kaka mai wankau, kuku, da 'yar aiki a shirin talabijin na Beulah da ta jagoranta daga 1950 zuwa 1951: duk matan da suke hidima ga fararen fata ne, kuma ƙungiyar kare haƙƙin baƙaƙen fata ta NAACP ta soki Beulah saboda haka. Masu kare ta suna nuna cewa irin rawar da ake ba mace baƙar fata mai shekarunta ke nan, kuma ta cika su da mutuncin da marubutan ba su sa ba. Matasan da suka san ta a wannan siffa ta uwa mai kauri da furfura, da yawansu ba su san ita ce siririyar da ta rera "Shake That Thing" ba. A 1962 aka sa ta a takarar kyautar Emmy saboda rawar da ta taka a wani kashi na shirin Route 66, inda ta fito a matsayin tsohuwar mawaƙiya da ke son ganin makaɗanta kafin ta mutu. Ita ce mace baƙar fata ta farko da ta samu wannan takara.

Ƙarshen rayuwa

A 1957 ta halarci taron wa'azin Billy Graham a Madison Square Garden da ke New York, ta shiga ƙungiyar mawaƙan taron. Daga nan ta rage aikin nishaɗi, ta riƙa bin tarurrukan Graham tana rera waƙoƙin addinin Kirista kusan har ƙarshen rayuwarta. Ta fitar da littafi na biyu, To Me It's Wonderful, a 1972. Ba ta haihu ba. Ta rasu a Chatsworth da ke jihar Kalifoniya tana da shekara 80, bayan fama da ciwon daji da ciwon ƙoda, aka binne ta a maƙabartar Forest Lawn da ke Glendale.

A 1994 hukumar gidan waya ta Amurka ta buga kan sarki mai hotonta. An shigar da faya-fayanta uku cikin jerin girmamawa na Grammy: "Dinah" a 1998, "Stormy Weather" a 2003, da "Am I Blue?" a 2007. Ɗakin karatu na majalisar dokokin Amurka kuma ya sa faifan "Stormy Weather" na 1933 cikin rajistar sautukan da ƙasar ta zaɓa don adanawa.